Yadda hasken rana ke sa fata ta ƙara duhu

"Likita, barka da aiki. Sana'ata tana sa ni yini a waje, kuma na lura fuskata da wuyana da hannayena sun fi sauran jikina duhu, har shatin agogo yana fitowa a wuyan hannuna. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ranar da na sha rana sosai ba na ganin wani canji mai yawa, sai bayan kwana biyu ko uku duhun yake bayyana, ko da a ɗaki na zauna a waɗannan kwanaki. Shin rana ce take ƙona fatar har ta yi baƙi? In haka ne, me ya sa baƙin ba ya zuwa nan take? Sannan tunda ni dama baƙin mutum ne, wannan ƙarin duhu yana nufin fatata ta sami kariya ke nan?"

Malam, na gode da wannan tambaya. In na fahimce ka da kyau, kana son sanin ko duhun ƙuna ne, da dalilin da ya sa yake jinkiri, da kuma ko za ka iya dogara da shi ya kare ka. Jinkirin nan da ka lura da shi ya ɗauki rabin amsar. Da a ce rana gasa fata take yi, da canjin launin ya zo a lokacin da kake cikinta, ya kuma tsaya da zarar ka shiga inuwa. Tunda duhun ya ci gaba da fitowa alhali kana zaune a ɗaki, ke nan jikinka ne da kansa yake haɗa launin. Sunan wannan launi melanin, kuma fata tana ƙara yawansa ne bayan ƙwayoyinta sun gano cewa haske ya yi musu rauni. Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe tun daga farko, domin duk shawarar da zan ba ka daga gare shi ta fito.

Hasken da ido ba ya gani

A cikin hasken rana akwai wani kaso da zangonsa ya fi na launin shunayya gajarta, har ido ba ya iya kama shi. Wani Bajamushe mai suna Johann Ritter ne ya gano shi a shekarar 1801, kuma shi ake kira ultrabayolet, ko UV a taƙaice. An raba shi gida uku gwargwadon tsawon zangonsa. Mafi gajarta, wato UVC, iskar ozon da ke sararin samaniya tana shanye shi kafin ya iso mu. Na tsakiya, UVB, tsawon zangonsa yana tsakanin nanomita 280 zuwa 315 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kaɗan ne daga cikinsa yake saukowa ƙasa, amma yana da ƙarfi, kuma akasarinsa a saman fata yake tsayawa. Na uku, UVA, yana tsakanin nanomita 315 zuwa 400, shi ne kimanin kashi 95 cikin 100 na ultrabayolet ɗin da ke riskar mu, yana kutsawa cikin fata fiye da UVB, yana kuma ratsa gilashin taga. Ɗumin da kake ji a jikinka wani kaso ne dabam na hasken rana yake kawo shi, saboda haka sanyin gari ko gajimare ba sa nuna cewa babu ultrabayolet. Ko a ranar da gari ya lumshe, kaso mai yawa na wannan haske yana ratsa gajimare marar kauri.

Masu yin launin

Ɓangaren fata na sama siriri ne ƙwarai, kuma mafi yawan ƙwayoyin da suka gina shi su ne ake kira keratinosayit. A can ƙasan wannan ɓangare ake haifar su, su riƙa hawowa sama sannu a hankali har su mutu su kakkaɓe, tafiyar da ke ɗaukar kimanin mako huɗu. A wannan layi na ƙasa, cikin kowace ƙwaya goma akwai kamar guda ɗaya ta daban da ake kira melanosayit, wadda ita ce mai haɗa melanin. Tana da rassa dogaye da take miƙawa tsakanin maƙwabtanta, kuma ƙwaya ɗaya tana ciyar da keratinosayit kimanin 36 da launi.

A cikin melanosayit akwai wasu 'yan ƙananan jakunkuna, melanosom, inda ake haɗa launin. Abin da ake farawa da shi wani sinadari ne daga cikin tubalan furotin mai suna tairosin, sai wani enzayim (furotin mai hanzarta haɗa sinadarai a jiki) mai ɗauke da jan ƙarfe, tairosinas, ya sarrafa shi mataki bayan mataki. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya tana kaiwa ga yumelanin, mai launin ƙasa-ƙasa zuwa baƙi, wanda yake shanye ultrabayolet ya mayar da shi ɗan ɗumi marar illa. Ɗayar tana kaiwa ga feyomelanin, mai ja-ja ko rawaya-rawaya, wanda yake ɗauke da farar wuta, kariyarsa kuma ba ta taka kara ta karya ba. Idan jakunkunan suka cika, sai a turo su ta cikin rassan, keratinosayit su haɗiye su, su jera su a saman cibiyarsu ta ɓangaren da rana ke fitowa, tamkar laima a kan kai. A cikin wannan cibiya DNA yake, wato kundin bayanan gado da ƙwayar take aiki da shi, kuma shi ne abin da ake ƙoƙarin karewa.

Wani abu da yake ba mutane mamaki idan na faɗa musu shi ne, yawan melanosayit a jikin baƙar fata da farar fata kusan ɗaya ne. Bambancin yana cikin aikinsu. A fata mai duhu jakunkunan sun fi girma, sun fi yawa, sun fi cika da yumelanin, suna zama a warwatse ɗaya-ɗaya, suna kuma daɗewa ba su narke ba har su kai saman fata. Ko zabiya yana da melanosayit ɗinsa cif, matsalarsa ita ce hanyar haɗa launin ta sami tangarɗa ta gado, sau da yawa a shi tairosinas ɗin.

Daga rauni zuwa launi

Yanzu mun zo ainihin tambayarka, kuma a nan zan ɗan daɗe. Idan UVB ya shiga keratinosayit, DNA yana shanye shi kai tsaye, sai harufa biyu na kundin da ke maƙwabtaka da juna, musamman irin waɗanda ake kira taimin, su manne wuri guda. Wannan mannewa tana karkata zaren DNA, ta yadda idan aka zo kwafe shi ba tare da an gyara ba, kuskure zai shiga, kuma tarin irin waɗannan kurakurai shi ne asalin sankarar fata. Ƙwayoyin suna da ma'aikatan gyara da ke yanke wurin da ya lalace su cike shi da sabo, amma kafin a gama gyaran, raunin yana tayar da wani furotin mai suna p53, wanda aikinsa sa ido a kan lafiyar DNA. Shi p53 yana dakatar da ƙwayar daga rabuwa har sai an gyara ta. Idan ɓarnar ta wuce gyara, yana sa ta kashe kanta, kuma irin waɗannan matattun ƙwayoyi suna cikin abin da kake gani idan fata ta saɓe bayan ƙunar rana.

Akwai aiki na uku da p53 yake yi, wanda David Fisher da abokan bincikensa a birnin Boston na Amurka suka bayyana a shekarar 2007. Yana sa keratinosayit ta haɗa wani babban furotin mai suna POMC, wanda ake yayyankawa gida-gida. Ɗaya daga cikin gutsattsarin shi ne homon ɗin alfa-MSH, wato sinadari mai kai saƙo tsakanin ƙwayoyin jiki, wanda yake fita daga keratinosayit ya je ya zauna a kan wani makarɓi da ke jikin melanosayit, mai suna MC1R. Zamansa a wurin yana ɗaga wani ɗan saƙo na cikin ƙwaya, shi kuma ya kunna furotin MITF, wanda shi ne mai ba da umarnin a ƙara tairosinas da sauran kayan haɗa launi. Sai melanosayit ta ƙara jakunkuna, ta tsawaita rassanta, ta karkata ga yin yumelanin, ta kuma hanzarta rabawa. A wannan bincike, ɓerayen da aka cire musu p53 sun kasa yin duhu bayan an haska musu ultrabayolet. Tun kafin nan, a shekarar 1994, Barbara Gilchrest da abokan aikinta sun shafa wa fatar dabbobin gwaji 'yan gutsattsarin DNA masu ɗauke da taimin biyu, irin waɗanda ke kama da wurin da haske ya lalata, sai fatar ta yi duhu ba tare da an haska mata komai ba. A ganina waɗannan gwaje-gwaje biyu sun isa su gamsar da mai shakka cewa raunin DNA ne yake kiran launi.

Ka duba yawan matakan: a ji rauni, a tayar da p53, a haɗa homon, a aika shi, a karanta umarni, a haɗa sabon enzayim, a cika jakunkuna, a raba su ga maƙwabta. Wannan ba aikin sa'a ɗaya ba ne, shi ya sa duhun yake fara bayyana bayan awa 48 zuwa 72, ya ci gaba da ƙaruwa na wasu kwanaki ko da ba ka sake fita ba. Dushewarsa ma tana bin tafiyar ƙwayoyin ne, domin sai waɗanda suka ɗauki ƙarin launin sun hau sama sun kakkaɓe kafin fata ta koma yadda take, abin da ke ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Mai irin aikinka kuwa, da yake kullum ana sabunta saƙon, duhun ba ya samun damar dushewa, shi ya sa shatin agogon ya zauna.

Wannan tsari ya kuma bayyana wasu abubuwa da muke gani. Masu jan gashi da fata fara sol, yawancinsu suna da MC1R da ba ya amsa kira yadda ya kamata, kamar yadda aka nuna a shekarar 1995, don haka fatarsu tana jin raunin, tana aika saƙon, amma launin da ke kare su ba ya zuwa, sai ƙuna kawai. Haka nan daga POMC ɗin ake yanko beta-endofin, sinadari mai rage zafi da sa jin daɗi. Wani gwaji da aka yi a kan ɓeraye a shekarar 2014 ya nuna cewa yawan haska musu ultrabayolet yana sa su nuna alamun sabo da shi irin na maye. Gwajin ɓera ba hukunci ne a kan ɗan Adam ba, amma ya yi daidai da abin da ake gani a wurin masu yawan kwanciya a ƙarƙashin fitilun ƙara duhu, fitilun da hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cikin rukunin farko na abubuwan da ke jawo sankara a shekarar 2009.

Akwai kuma duhu na gaggawa, wanda wataƙila ka taɓa gani ba ka kula ba. UVA yana sa melanin ɗin da dama yake cikin fata ya haɗu da iskar oksijin ya ƙara turarewa, sai fata ta yi wani toka-toka cikin 'yan mintoci, abin da ya fi fitowa a fata mai duhu. Yakan dushe cikin sa'o'i, ko ya ɗan daɗe idan hasken ya yi yawa. Da yake ba a ƙara sabon launi ba, kariyar da yake bayarwa ba ta da yawa. UVA yana kuma haifar da wasu sinadarai masu cin jikin ƙwaya, waɗanda ke lalata zaruruwan da ke riƙe fata ta tsaya tsaf, daga nan ne yamushewa da saurin tsufan fata suke zuwa.

Shin duhun kariya ne?

Kariya ce, amma tana da iyaka, kuma ta zo bayan an riga an ji ciwo. Ya kamata a bambanta launin da aka haife ka da shi da ƙarin da rana ta sa. Na haihuwa yana nan tun kafin haske ya sauka, kuma amfaninsa babba ne. Wani awo da aka yi a shekarar 1979 ya nuna cewa saman baƙar fata yana barin kimanin kashi 7 cikin 100 na UVB su wuce, na farar fata kuma kimanin kashi 29, wanda a ma'aunin man kariyar rana ya zo kusan 13 ga baƙar fata da kusan 3 ga fara. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa sankarar fata da rana ke jawowa ta yi ƙaranci sosai a tsakanin masu fata irin taka. Shi kuwa ƙarin duhun da rana ke sawa a fata mai haske, abin da yake bayarwa bai wuce 2 zuwa 4 a wannan ma'auni ba, wanda ya yi ƙasa da mafi raunin man kariya da likita zai rubuta. Melanin kansa ma ba tsarkakakke ba ne daga laifi. A shekarar 2015 Douglas Brash da abokansa a Jami'ar Yale sun gano cewa a cikin melanosayit, irin wannan mannewa ta DNA tana ci gaba da faruwa fiye da awa uku bayan an kashe hasken, saboda ƙarfin da melanin ya ɗauka yana komawa kan DNA, kuma abin ya fi tsanani inda feyomelanin ya yi yawa.

A wurin aikina, abin da ya fi kawo masu fata mai duhu dangane da rana shi ne tabo da rashin daidaiton launi. Melanosayit ɗinku masu saurin amsa kira ne, kuma ba rana kaɗai suke amsa wa ba, domin kumburin ƙurji ko cizon ƙwaro ko ƙaiƙayi ma yana aika musu da irin wannan saƙo. Ƙurji zai warke cikin mako guda, ya bar baƙin tabo na watanni, kuma duk ranar da aka sha rana sai tabon ya ƙara zama. Mata masu juna biyu da masu shan ƙwayoyin tazarar haihuwa suna samun shimfiɗaɗɗen duhu a kumatu da goshi, saboda homon ɗin jikinsu ya riga ya zaburar da melanosayit, rana kuma ta ƙara musu. Sau da yawa mutum zai zo yana cewa maganin tabon da aka ba shi ba ya aiki, idan na bincika sai in tarar maganin yana rage launi da dare, rana tana mayar da shi da yini. Da zarar an toshe wannan ƙofa, maganin nan dai da ya raina sai ya fara nuna amfaninsa.

Akwai wani ƙarin bayani da ya shafe ka musamman. Masu bincike a birnin Detroit sun nuna a shekarar 2010 cewa hasken da ido ke gani ma yana sa fata mai duhu ta ƙara duhu, duhun da ya fi na UVA daɗewa, alhali bai yi wa farar fata haka ba. Daga baya, a shekarar 2018, wasu masu bincike a birnin Nis na Faransa suka gano cewa melanosayit tana da wani furotin mai jin shuɗin haske, dangin wanda ke cikin ido. Amfanin sanin wannan shi ne, man kariya na yau da kullum an yi shi ne don tare ultrabayolet, don haka mai fama da tabo ya fi dacewa da irin man da aka sa wa launi da sinadarin tsatsar ƙarfe, domin shi ne yake tare hasken da ake gani.

Abin da nake ba ka shawara

Tufafi da inuwa sun fi kowane mai, kuma shatin agogonka shaida ne a kan haka. Riga mai dogon hannu da saƙa mai kauri, da malafa mai faɗin da zai rufe kunne da ƙeya, da tabarau mai tare ultrabayolet, za su yi maka mafi yawan aikin. Idan kana da ikon tsara aikinka, ka rage tsayuwa a fili tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Ga fuska da wuya da bayan hannu, ka nemi man kariya mai lamba 30 ko sama da haka wanda aka rubuta cewa yana tare UVA da UVB. Mai lamba 30 yana tare kimanin kashi 97 cikin 100 na UVB, mai lamba 50 kuma kimanin 98, saboda haka shafawa da yawa da sabuntawa duk bayan awa biyu, ko bayan gumi, sun fi girman lambar muhimmanci. Wasu magunguna, irin su dokisisaikilin mai kashe ƙwayoyin cuta, suna sa fata saurin ƙuna, haka ruwan lemun tsami idan ya taɓa fata aka shiga rana yakan bar baƙin shati mai daɗewa.

Ina roƙonka kada ka nemi mayar da launin da mayukan bilicin. Mafi yawansu suna aiki ne ta hanyar danne tairosinas, wato suna cire maka kariyar da kake da ita alhali kana cikin rana kullum. Haidirokwinon, sinadarin da ke cikin wasu daga cikinsu, idan aka daɗe ana shafa shi ba bisa kulawar likita ba yana iya jawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke da wuyar magani, mayukan da ke ɗauke da zaiba suna taɓa ƙoda da jijiyoyi, masu siteroyid kuma suna sirantar da fata. Game da bitamin D, gaskiya ne UVB ne yake sa fata ta haɗa shi, kuma fata mai duhu tana buƙatar lokaci fiye da fara, amma mai yini a waje kamarka ba kasafai yake rasa hasken da zai ishe shi ba, in kuma akwai shakka gwajin jini ne yake raba gardama.

Duk abin da na faɗa ya ginu ne a kan bayaninka, ban ga fatarka da idona ba, kuma ba kowane duhu ne aikin rana ba. Idan ka ga duhun ya shiga wuraren da rana ba ta taɓawa, kamar dasashi da layukan tafin hannu, tare da kasala da rama da jiri, wannan yana iya zama ciwon Adison, inda jiki ke zuba homon ɗin ACTH da yawa, shi ma daga POMC aka yanko shi, yana kuma iya zama a kan MC1R ya sa launi. Duhu mai kauri da laushi a wuya da hammata sau da yawa yana tafiya da matsalar sukari. Sannan a fata mai duhu, sankarar melanosayit ta fi fitowa a tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce, don haka baƙin ɗigo a waɗannan wurare da yake girma ko canza siffa ko zubar da jini, ko gyambon da ya ƙi warkewa, yana buƙatar likitan fata ya duba shi ba tare da ɓata lokaci ba.